Ofishin Tsaron Iska da Shuɗin Duro

Daga Babban Ofishin Tsaron Iska da Muryoyin da Ke Yawo a Cikinta, Sarajevo
Farkon watan Ramadan

Zuwa ga Hazim Kurtović, ma'aikacin lantarki a birnin Graz, can ƙasar waje.

Da sunan Allah mai rahama. Bayan gaisuwa irin ta hukuma, wadda ba a cika ja da tsawo ba, muna fatan kana lafiya, kai da ciwon bayanka.

Ni ne Dakta Injiniya Ekrem Sokolija, Babban Darakta. A ƙarƙashina akwai ɗaruruwan ma'aikata, kowanne da kunnuwansa biyu, ba su da aiki sai sauraron iska daga safe har magariba. Ministoci ma sai sun cire hula suke shiga ofishina.

Labari ya iso mana cewa a ƙauyen Brezik da ke bayan Travnik, a gidan mahaifiyarka Zumra, ka ja waya daga rufin ɗakin kaya zuwa dogon itacen nan na bakin rafi. Ka haɗa ta da wani akwatin ƙarfe wanda bai kai kwalin takalmi ba, da kuma wani shuɗin duron roba da ka naɗe da jar waya tun daga gindi har wuya. Kullum bayan sallar asuba ana kunna wannan abu, ya yi ta aika sunanka na rediyo a dogon zango, ɗigo da ja, cikin nawa irin wadda ba mu taɓa gani ba. Mutum zai sha kofi, ya wanke finjalin, ya kife, harafi ɗaya bai gama fita ba. Kai kuma kana can Graz kana jira ka kama shi.

Mun san za ka ce ƙarfinsa bai kai na ƙwan tocila ba. Wannan ba hujja ba ce a wurinmu. Saƙonnin mutane suna tafe da gudu, naka ya tare musu hanya kamar tarakta a kan ƙaramar gada. Labaran safe sun fara isa Zenica da azahar. Ga kajin maƙwabcinku Ramiz sun rage ƙwai, ya kuma kawo ƙara har da kuka.

Don haka ofis ya yanke hukunci. A kashe na'urar har sai dusar ƙanƙara ta narke. Shi kuwa duron, kada a taɓa shi, kada a ɗaga murfinsa, kada kuma ka tambayi kowa abin da ke cikinsa. Wannan ya fi komai muhimmanci.

In kana da magana, kada ka aiko ta gidan waya, mutanenmu ba su da lokacin yage ambulan. Ka ba Sabit direban bas, ya kai wa ɗan 'yar'uwarka Ferid, shi zai kawo mana. Mun binciki yaron mun same shi mai hankali, mai kunya, kyakkyawa kuma. Makarantar masallaci kaɗai ya yi, amma ya fi wasu masu takardu kai. Ya cancanci takalmin sanyi, lamba arba'in da uku.

Allah ya karɓi ibadarmu.

Dakta Injiniya Ekrem Sokolija
Babban Darakta

* * *

Graz, watan Nuwamba

Ɗana Ferid,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da mahaifiyarka Bisera da kakarka Zumra, Nanarmu. Yaya azumi? Yaya idon Nana, tana ɗiga maganin da na aiko ko ta sake ɓoye shi a cikin gwangwanin sukari? Ni lafiya ƙalau, sai bayan nan da ka sani.

Ferid, na kusa mutuwa a tsaye. Ka san yadda muka yi da kai. Tunda har yau ba a gyara wayar tarho ta Brezik ba, kai za ka kunna bayan asuba, ni kuma in zauna gaban kwamfuta kafin taragon farko na cikin gari ya fito ya cika iska da hayaniya. Na sha gaya maka ba a jin komai da kunne. Wani siririn farin layi ne yake fitowa a fuskar kwamfutar, ya ja, ya tsaya, ya sake ja. In na gan shi na san akwai wuta a gida, ka tashi salla, Nana ba ta kwana da wani abin da zai hana ka zuwa ɗakin kaya ba. Sai in sa takalmi in tafi aiki da raina a kwance.

Ranar nan na zauna, babu layi. Na ce ko yanayi ne. Washegari babu. Na sauya eriyar taga, na kashe firij, na sauka ƙasa na roƙi tsohuwar da ke ƙarƙashina ta zare talabijin ɗinta daga bango, ta dube ni kamar na zo satar kyanwarta. Babu. Har na kai ina tsaye a wurin aiki da waya biyu a hannu na rasa wacce ce mai wuta. Allah ya yafe mini, na riga na fara yi wa Nana irin addu'ar da ake yi wa wanda ya tafi. Da Sabit ya miƙo mini ambulan mai hatimi a tasha, sai da na zauna a kan jakar wani.

Da na karanta, farko daɗi na ji, tunda ba mutuwa ba ce. Daga baya na sake karantawa, daɗin ya gudu.

Ban taɓa jin sunan wannan ofis ba. To amma tun da aka gama yaƙi ofisoshi suke ta tsirowa, kowanne da hatiminsa, wa zai iya sanin su duka? Kuma ga abin da ban taɓa gaya maka ba: suna da gaskiya a kaina. Ba maganar kajin Ramiz ba, kajin Ramiz tun ina yaro ba sa ƙwan kirki. Takardar izinin da nake da ita, ni kaɗai ta ba damar taɓa wannan na'ura. Kai ba ka da izini. Duk safiyar da ka danna maɓallin nan doka muka karya, ni da kai. Na ɗauka abin da ya yi wannan ƙanƙanta babu mai jin sa. Ni da na san daidai inda zan duba, da ƙyar nake gano shi. Ka ga irin kayan aikin da mutanen nan suke da shi ke nan.

Akwai abubuwan da suka ɗaure mini kai. Ina suka san ciwon bayana? Me ya sa ofishin gwamnati yake sa kwanan wata da Ramadan? Me suka zuba a cikin duron da ba sa son a gani? Ina zaton wani abin awo suka dasa. Su nawa suka zo gidan, a wace irin mota? Me ya sa ba ka rubuto mini ba?

Maganar takalmin ce ta fi wahalar da ni. Na karanta na sake karantawa, sai daga baya na gane. Cin hanci yake nema a fakaice, ya raɓa da sunanka. Ƙafarsa ce arba'in da uku. Na saya masu kyau, masu gashi a ciki, suna wurin Sabit. Kada ka kuskura ka zura ƙafarka. Ka kai masa tare da takardar ban haƙurin da na sa a cikin wannan ambulan. Ka sa farar riga, ka yi aski, kuma don Allah ka bar wannan bakin naka a gida.

In ka ga fuska, in ka ga yana cikin raha, ka tambayar mini abu ɗaya. Da wace irin eriya suka kama ni? Layin ya fito sosai ko dishi-dishi? Ferid, tsakanin Brezik da Sarajevo duwatsu ne jere. Na san ina cikin masifa, amma sun ji ni.

Kada Nana ta ji ko kalma ɗaya.

Kawunka, Daidžanka kamar yadda kake kirana,
Hazim

* * *

Brezik, bayan Ƙaramar Sallah

Daidža Hazim, mai sanƙon da ake ganin hanya da shi,

Wa alaikumus salam. Barka da Sallah, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya. Inna tana gaishe ka, ta ce safar da ta saƙa maka bara in ba ka sa ba ka dawo mata da ita. Tumaki lafiya, in ban da ɗaya da ta ci igiyar shanya. Efendija Vahid limaminmu ya tambaye ka. Har yanzu ina taya shi karantar da yara, su suna koyon baƙi, ni ina koyon haƙuri.

Nana ta yi azuminta duka, ba ta sha ko ɗaya ba. Maganin ido tana ɗigawa in ina tsaye a kanta. Amma Daidža, a nan zan ajiye wasa kaɗan. Mun kai ta wurin likita a Travnik. Ya ce yanar ido ta rufe na hagu gaba ɗaya, na dama ma kafin a yanki ciyawar bana ba za ta iya rarrabe fuska ba. Ya yi maganar aiki, ta ce ba mai sa mata wuƙa a ido tana raye. Ran nan ta tsaya a tsakar gida tana yi wa rigar Inna da ke kan igiya faɗa, wai ta yi mata magana ta ƙi amsawa. Na yi dariya har na faɗi, ita ma ta yi, amma da ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Ta ce in rubuta maka da bakinta: “Ka gaya wa Hazim ya zo Babbar Sallah in ga fuskarsa tun ina iya bambanta ta da kabewa.” Ta ware rago tana ba shi dusa da hannunta, ta ce kai za ka yanka.

To, sai maganar Darakta. Na je. Daidža, ba ka ga gini ba! Bene ne hawa kan hawa, kowa da abin saurare a kunne, shiru kamar ana jiran a tayar da salla. Shi kansa dogo ne, kyakkyawa, in ka gan shi kamar ni in na yi aski. Na miƙa takardarka, ya karanta yana gyaɗa kai, ya ce rubutunka na masu ilmi ne amma ka cika tsoro. Takalmin kuwa ya gwada, sun zauna masa kamar an auna. Sai dai ya ce ƙafarsa ba ta jure sabon takalmi, in riƙa sa masa su a cikin ƙanƙara har su saki. Umarnin hukuma ne, ba yadda na iya. Suna da ɗumi, ya ce in gode maka.

Na yi masa tambayarka. Ya ce eriyarsu sirri ce, amma layinka ya fito fes, har wani ma'aikaci ya yi kabbara.

Tambayoyinka na su nawa suka zo da wace mota, ban lura ba, ina wajen tumaki. Duron yana nan lafiya, babu mai taɓa shi sai wanda ya kamata. Af, na manta ban gaya maka ba, Nana ta jiƙa kabejin sanyi a ruwan gishiri kamar kowace shekara. Tsohuwar gangar katakon ta tsage, amma Allah ya kawo mata wata. Kada ka tambaya. Ya yi tsami daidai, in ka zo za ka ci naɗin nama da shi har ka kwance bel.

Daidža, kada ka sa abin nan a ranka haka. Maganar izini da doka da ka kawo, ni ban ma san da ita ba, kuma na ga alama shi ma Daraktan bai sani ba. Na roƙe shi ya rubuto maka abin da zai kwantar maka da hankali, ga shi nan na liƙa a ƙasa.

Ɗanka mai biyayya, wanda hukuma ta shaida kyansa,
Ferid

Daga Babban Darakta zuwa ga Hazim Kurtović. Mun karɓi kukanka. Ka zo gida Babbar Sallah kamar yadda ka saba, kada ka fasa ko da me zai faru. Mun san bas ɗin da kake hawa, mun san ranar da kake tsallako iyaka, muna kuma jiranka hannu biyu. In ka zo sai mu haɗu ido da ido a yi ta ta ƙare.

* * *

Graz, watan Janairu

Ferid,

Sallama da fatan alheri gare ku duka. Wasiƙarka ta daɗe a hanya. Sabit ya ce ƙanƙara ta toshe hanyar dutse, bas bai hau wajenku ba sai da aka share. Duk tsawon wannan lokaci ban san ko an tsare ka a ofishin nan ba. Na rame. Bayan ma ya tashi, a tsaye nake cin abinci.

Kai yaro ne, shi ya sa ka karanta takardar Darakta ka ga alheri. Ni na karanta ta da idon wanda ya ga yaƙi. “Mun san bas ɗin da kake hawa.” “Muna jiranka.” “A yi ta ta ƙare.” Ferid, na san mutanen da aka ce musu su zo a yi magana kawai. Ba zan faɗi sauran ba.

Na buga wa abokina Mirsad waya, lauya ne a Sarajevo. Ya duba littafin tarho, ya tambayi na sama da na ƙasa, ya ce babu ofis mai wannan suna, babu kuma wani Sokolija. Shi dariya ya yi, ya ce wani ne yake wasa da ni. Na ce wa zai yi? Wa ya san duron, ya san itacen bakin rafi, ya san bayana? Kuma kai da kanka ka shiga ginin, ka ga mutumin da idonka, ɗan 'yar'uwata ba zai yi mini ƙarya ba. Da na gaya masa haka sai ya daina dariya. Ya ce to in dai ginin yana nan amma ba ya cikin littafi, ka san irin ofishin da yake. Ya ce in tambaye ka a wane titi yake. Wane titi ne, Ferid? Ka rubuto, ka zana mini in ka iya.

Har yanzu ban gane mutumin ba. Ya karɓi takalmi, ya yabi layina, kuma yana son kama ni. Ya ce bai san maganar izini ba, to da wane laifi yake nemana? Da kajin Ramiz? Na kwana ina juya abin, kaina kamar an zuba tsakuwa.

Ga abin da na yanke. Da ƙarshen sanyin nan za a sabunta mini takardar zama a nan. In aka tsare ni a kan iyaka ko da na yini ɗaya ne, aka rubuta sunana, takardar ta tafi, aikin ya tafi, abin da nake aiko muku ya tafi. Ba zan zo Sallah ba. Na mayar wa Sabit kujerar da ya ajiye mini.

Kai kuma ga naka aikin. Ka kwance wayar daga itacen. Akwatin ka binne shi a ƙarƙashin taki. Duron, na san ya ce kada a taɓa, amma Mirsad ya ce in babu shaida babu shari'a. Ka mirgina shi har rafi, ka fasa ƙanƙara, ka tura shi da duk abin da suka zuba a ciki. Watanni na yi ina naɗa wayar nan zagaye bayan zagaye, yatsuna har suka fashe, amma a tura.

Nana kuwa, ka karanta mata wannan layin kaɗai: wurin aiki sun hana ni hutu, zan zo in Allah ya kawo sauƙi. Maganar idonta ban san yadda zan yi da ita ba. Na je an ɗauke ni hoto, na ce su yi shi babba iya girman da suke iyawa. Ga shi nan a cikin kwali. Ka riƙe mata shi kusa da taga da hantsi, ta ɓangaren dama. Ragon kai ka yanka, ka ambaci sunana.

Har yanzu nakan zauna gaban kwamfutar da asuba. Na san babu abin da zai fito. Ban san me kuma zan yi da wannan lokacin ba.

Hazim

* * *

Daga Babban Ofishin Tsaron Iska, Sarajevo
Ƙarshen watan Zulƙida

Zuwa ga Hazim Kurtović.

Bayan gaisuwa, ofis ya zauna ya sake duba maganarka, ya ga babu laifi ko kaɗan. An yafe, an yage fayil, an kori wanda ya buɗe shi. Babu mai jiranka a kan iyaka. Mun ma sanar da masu tsaron wurin cewa in sun gan ka su

Daidža, na tsaya a nan. Na zare takardar daga keken rubutu, daga nan da hannuna ne, ka san rubutun. Na gane duk abin da Darakta ya faɗa sai ka juya shi ya zama ankwa. In ya ce an sanar da masu tsaron iyaka, ƙila ma ka bar Graz ɗin ka gudu gaba.

Muna lafiya, Inna lafiya, Nana jikinta lafiya. Bari in gaya maka yadda aka yi da hoton.

Na karanta mata layin da ka ce. Ta ce, “Takarda biyu na ji kana juyawa, layi ɗaya ka karanta. Ina sauran?” Na ce sauran maganar lantarki ce. Na kai ta bakin taga na riƙe mata hoton ta dama. Ta matso da shi har ya taɓa hancinta, ta ja baya, ta karkata kai.

“Wane ne wannan?”

“Daidža ne, Nana.”

“Hazim ya ajiye gashin baki?”

“A'a, inuwa ce.”

Ta shafa shi da tafin hannu daga sama har ƙasa, ta miƙo mini. Ta ce, “Ajiye masa kayansa, kada ya yi datti.” Da yamma ba ta fita ta ba ragon dusa ba, ta ce in ba shi ko in bari, duk ɗaya.

A nan ne na durƙusa na gaya mata komai, kuma yanzu zan gaya maka.

Ka ce in riƙa kulle ɗakin kaya. Ranar da ake sarar kabeji na bar mabuɗin a jiki na tafi Travnik yawon da ba shi da dalili. Gangar Nana ta tsage, ta shiga neman wani abu ta yi karo da shuɗin duro, wankakke, ba komai a ciki sai ɗan ƙaramin naɗin nan da kake juyawa in kana saiti. Ta ciro shi ta rataye a ƙusa. Kafin in dawo ita da Inna sun cika duron da kabeji har wuya, sun zuba ruwan gishiri, sun danne da dutse. Da asuba na kunna, allurar awon nan ta jikin akwatin da takan miƙe ta kwanta abinta. Na juya duk abin da ake juyawa, na karanta duk abin da na haddace, ko motsi. Ni ban san ilminsa ba, amma na gane kabejin ne yake shanye sunanka kafin ya kai waya.

In na zubar, abincin sanyinmu ne, kuma Nana za ta kashe ni. In na gaya maka, za ka yi mata faɗa a takarda, ni kuma ka ce dama me za a jira daga wanda bai wuce makarantar Efendija ba. Sai na ce bari in sa wani babba ya kashe na'urar har a cinye kabejin. Keken rubutun na Efendija ne. Hatimin da ya firgita ka gindin finjali ne na tsoma a tawada. Ban taɓa zuwa Sarajevo ba sai sau ɗaya, ina ƙarami, kuma barci na yi har muka dawo.

Wallahi na ɗauka kana kaiwa kan kajin Ramiz za ka gane ni, ka aiko da zagi shafi biyu, mu yi dariya. Ban san layin nan da shi kake sanin muna raye ba, na ɗauka wasan manya ne kawai. Da ka ɗauki abin da gaske sai daɗin wasan ya ja ni, ga takalmi kuma. Da ka rubuta cewa ɗan 'yar'uwarka ba zai yi maka ƙarya ba, kwana na yi ban ci abinci ba. Ka tambayi Inna, ta ɗauka zazzaɓi ne.

Nana da ta gama ji, sai ta ce, “Wayar da ke jikin duron ta rediyo ce? Ni da nake ta sa wa Hazim albarka, na ce ya ɗaure mini shi tam don kada ya tsage irin na katako!” Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Tana gama tarin ta lalubo ludayi. Daidža, idon ne ya tafi, hannun yana nan. Ta ce, “Ɗan banza, ka hana ni ɗana saboda kabeji? Tashi ka rubuta, in kuma ka sake sa masa wani dakta a ciki sai na jiƙa ka a duron.”

Ban kwance wayar ba, ban binne akwatin ba, ban tura komai a rafi ba. Maganar izini kuma, ba zan ƙara danna maɓallin ba sai ka zo ka ce yadda za a yi.

Saura abu ɗaya, shi na fi jin nauyin faɗa. Babu wanda ya ji ka a Sarajevo. Babu eriyar sirri, babu wanda ya yi kabbara. Iyakar sanina, duk duniya kai kaɗai ka taɓa ganin layin nan. Ka yafe mini wannan kafin sauran.

Na sauka da ƙafa har bakin titi na tare Sabit. Ya zage ni tas, sannan ya ce bai ba kowa kujerarka ba. Bas ɗin da zai taso kafin ranar Arfa, kana ciki in ka yarda. Likita ya ce sai lokacin ciyawa, amma ni da nake gidan ina ganin abin ya fi haka sauri. Kada ka tsaya rubuto amsa, ka taho kawai.

A kan iyaka babu kowa. A tashar Travnik akwai mutum ɗaya, zai tsaya daidai ƙofar bas ya cire hula ya miƙo kunci. Ka fara da marin, gaisuwa ta biyo baya, sannan mu hau da sauri tun da sauran rana a tagar Nana.

Wanda ya rubuta wannan, da ta farko, da wadda aka liƙa a ƙasan ta tsakiya, ba dakta ba ne, ba injiniya ba ne, ba shi da ko mutum ɗaya a ƙarƙashinsa sai tumaki.

Ni ne, Daidža.
Ferid ɗan Bisera